Jiki da Hankali: Tushen Ilimin Ƙwaƙwalwa da Ɗabi'a da Matsayinsa a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin batutuwan da suka fi ba masu tsara manhaja wahala akwai waɗanda darasi fiye da ɗaya ke taɓawa, kowane da nasa bayanin, ba tare da an tanadi wurin da bayanan za su haɗu ba. Dangantakar jiki da hankali tana sahun gaba a irin waɗannan batutuwa. Ɗalibin babbar sakandare a Tirwun, a gefen birnin Bauchi, yakan ji a darasin bayoloji cewa ƙwaƙwalwa ce ke tunani da tunawa. A darasin Hausa, ɓangaren al'adu, zai karanta bori da maita da kurwa da magungunan gargajiya, a ɓangaren adabi kuma ya tarar zuciya ce ke so da ƙi. Da yamma a Islamiyya a yi masa bayanin ruhi. Idan ya koma gida ya iske ƙanensa ya faɗi yana shure-shure, bayanin da zai fara ji daga maƙwabta shi ne iska ce ta taɓa shi.

Mun ɗauki Tirwun a matsayin misali ne saboda tsohon mazaunin Gerawa ne, mutanen da Malam Yakubu, wanda ya kafa masarautar Bauchi, ya fito daga cikinsu. A yau birni ya cim mata, Hausa ce harshen kasuwa da wasa da hira, Geranci kuwa sai ja da baya yake yi a bakin yara. Ke nan nauyin bayyana wa yaro abin da mutum ya ƙunsa ya faɗa a wuyan Hausa, kuma malamin Hausa ne ɗalibi ya fi sakin jiki ya tambaya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin matsalar, da hujjojin da masana suka tara a kanta, da abin da ya kamata manhaja ta tanadar wa malami.

2.0 Fannin da Ake Magana a Kansa

Fannin da masana ke kira bayosaikoloji, wanda a nan za mu riƙa kira ilimin ƙwaƙwalwa da ɗabi'a, nazari ne na yadda ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi da sinadaran jiki suke haifar da gani da ji da barci da magana da tunawa da fushi da tsoro. Akan danganta tsayuwarsa da ƙafafunsa da littafin da Donald Hebb, wani masani ɗan Kanada, ya fitar a 1949, inda ya nuna cewa koyo yana faruwa ne idan alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya ta ƙarfafa saboda yawan aiki tare. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wato kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86.

Fannin ya ginu a kan wani zato guda: duk wani motsi na hankali yana da abin da ke tafiya tare da shi a cikin ƙwaƙwalwa, wanda za a iya bincika a auna. Wannan zato daga falsafa aka gado shi, kuma an shafe fiye da shekara dubu biyu ana ja-in-ja a kansa.

3.0 Kalmomin Bahaushe

Kafin mu leƙa Girka ko Faransa, ya kamata mu fara da abin da ke hannunmu. Bahaushe ba shi da kalma guda da ta tattara ɓangaren mutum da ba a gani. Yana da rai da kurwa da zuciya da hankali, ga kuma ruhi da ya aro daga Larabci. Ita kanta kalmar hankali, masana da dama suna mayar da asalinta ga kalmar Larabci ta aƙali.

Abin lura shi ne aikatau ɗin da kowace kalma ke tafiya da su. Hankali yakan tashi, ya kwanta, ya gushe, ya dawo, ana kuma iya taɓa shi, shi ya sa ake cewa taɓin hankali. Rai yakan ɓaci, ya yi daɗi, a ƙarshe ya fita ko ya yi halinsa. Kurwa kuwa, a tsohon imani, abu ce da maye ke iya kamawa, mai ita ya yi ta ramewa har sai an sako ta. Waɗannan aikatau suna zana hoton wani baƙo da ya sauka a cikin jiki, wanda ke iya fita ya bar masauki. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce Bahaushe ya raba mutum gida biyu, jiki daban, mazauninsa daban.

Sai dai harshen bai tsaya a nan ba. Murna a wurin Bahaushe farin ciki ce, damuwa kuma baƙin ciki. Mai tsoro gabansa ne ke faɗuwa, hantarsa ta kaɗa. Wanda ya karaya jikinsa ne ya yi sanyi, wanda ya tsinkayi wani abu kafin ya faru sai ya ce jikinsa ne ya ba shi. Mai gardama taurin kai gare shi, mai hazaƙa kuma kaifin ƙwaƙwalwa. A duk waɗannan, gaɓar jiki ce ke ɗauke da halin da ba a gani. Zuciya ta fi kowace kalma aiki biyu: ita ce tsokar da mahauci ke yankawa a sayar, ita ce kuma ke ɗibar mutum ya aikata abin da zai yi da-na-sani, ita ce ke mutuwa idan mutum ya daina neman na kansa.

Akwai karin maganar da ta cancanci a tsaya a kanta a aji: hankali ke gani, ido gululu ne. Masu hikima sun faɗe ta ne don gargaɗi, amma ta yi daidai da abin da likitoci suka tabbatar, cewa mutumin da ɓangaren bayan ƙwaƙwalwarsa ya lalace yana iya makancewa alhali idanunsa lafiya lau suke. Ido yana karɓar haske ne kawai, aikin gane abin da aka gani a can ciki ake yin sa.

A ganinmu, kuskure ne a koya wa ɗalibi cewa waɗannan maganganu jahilci ne da kimiyya ta zo ta gyara. Kuskure ne kuma a koya masa su a matsayin bayanin halittar jiki. Adon harshe ne da aka gina a kan lura ta gaskiya, domin mai tsoro lallai yakan ji bugun ƙirjinsa ya sauya.

4.0 Yadda Masana Falsafa Suka Ɗauki Matsalar

Gardamar zuciya da ƙwaƙwalwa tsohuwa ce. Aristotal ya ɗauka zuciya ce mazaunin ji da tunani, ƙwaƙwalwa kuwa aikinta sanyaya jini. Almajiran Buƙraɗu, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, sun saɓa wa wannan: a wata maƙala da suka rubuta kan farfaɗiya sun ce cutar daga ƙwaƙwalwa take, kuma tana da sababi kamar kowace cuta. Jalinus ya bi bayansu, daga gare shi ne ra'ayin ya shiga littattafan likitancin Musulmi.

Ibn Sina (980-1037) ya riƙe ɓangarorin biyu a lokaci guda. A matsayinsa na likita ya sanya tunawa da sawwarawa a cikin kogunan ƙwaƙwalwa. A matsayinsa na masanin falsafa kuma ya kawo misalin mutumin da aka halitta farat ɗaya yana rataye a iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin komai. Ya ce wannan mutum ba zai san yana da hannu ko ƙafa ba, amma zai san cewa shi akwai shi, saboda haka abin da ya sani ɗin ba jiki ba ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi aikin da ya fi kusa da namu na masu nazarin harshe. A cikin Ihya'u Ulumiddin, littafin da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa a zaure, ya ɗauki kalmomi huɗu, wato ƙalbu da ruhu da nafsu da aƙali, ya nuna cewa kowace tana da ma'ana fiye da ɗaya. Ƙalbu, alal misali, tana nufin tsokar da ke gefen hagu na ƙirji, wadda dabba ma take da ita, tana kuma nufin wani abu mai laushi da ba a gani, wanda shi ne ke sani. Malamin da ya fahimci wannan rarrabewa ya riga ya sami rabin amsar da zai ba ɗalibinsa.

A Turai, wanda aka fi jingina wa matsalar shi ne Bafaranshen nan Rene Dekart (1596-1650). Ya ce abu biyu ne mabambanta: jiki, wanda ke da tsawo da faɗi kuma yake aiki kamar inji, da hankali, wanda ke tunani amma ba ya cin wuri. Ya zaɓi wata 'yar ƙaramar tsoka a tsakiyar ƙwaƙwalwa ya ce a nan suke haɗuwa. A 1643 Gimbiya Elizabet ta Bohimiya ta rubuta masa wasiƙa da tambayar da har yau ba a warware ba: ta yaya abin da ba shi da nauyi, ba ya taɓuwa, zai tura abin da ke da nauyi? Idan niyya ba jiki ba ce, da me take ɗaga hannu? Amsar Dekart ba ta gamsar da ita ba. Tsokar da ya zaɓa kuwa, yanzu an san aikinta shi ne fitar da sinadarin da ke daidaita lokacin barci.

Ya kamata ɗalibanmu su san cewa ɗan Afirka ta Yamma ya sa baki a wannan muhawara tun da wuri. Anton Wilhelm Amo, wanda aka haifa kusa da Axim a ƙasar Gana ta yau aka kai shi Turai yana yaro, ya gabatar da kundin digirinsa a Jami'ar Wittenberg ta Jamus a 1734. Ya yarda hankali ba jiki ba ne, amma ya ce Dekart ya yi tuntuɓe da ya ba hankali ikon jin zafi da sanyi, domin ji aikin jiki mai rai ne.

Daga baya ra'ayoyi sun rarrabu, ba kuma sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A dunƙule gida biyu ne. Masu ra'ayin abu biyu suna tare da Dekart ta wata fuska. Masu ra'ayin abu ɗaya suna cewa hankali aikin ƙwaƙwalwa ne, kamar yadda narkar da abinci yake aikin ciki. Muna ba da shawarar a tsaya a kan waɗannan sunaye biyu masu sauƙi, a guji fassara na biyun da kaɗaitaka, domin kalmar ta riga ta zama ta tauhidi a kunnen ɗalibi, kuma aro ta zai haifar da ruɗanin da ba a nema ba.

5.0 Hujjojin Asibiti

Abin da ya karkatar da masu bincike zuwa ga ƙwaƙwalwa marasa lafiya ne, fiye da muhawara. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi a ramin dutse sai ya tashi, sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba sai a 1860. Likitan da ya duba shi ya ba da rahoton cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai gaggawa da baƙar magana. Littattafai da yawa sun zuzuta labarin fiye da kima, domin daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki a ƙasar Chile, aikin da ba ya yiwuwa sai da natsuwa. Duk da haka darasin ya tsaya: rauni a goshin ƙwaƙwalwa yana iya taɓa hali.

Hujjar da ta fi shafar mu masu harshe ita ce ta Paul Broca. A 1861 ya duba wani majiyyaci a Faris wanda ya shafe shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", ko da yake yana fahimtar yawancin abin da ake faɗa masa. Da ya rasu aka buɗe kansa, sai aka tarar da lahani a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. A 1874 Carl Wernicke ya bayyana akasin haka: majiyyata masu zuba magana ba tangarɗa, amma maganar ba ta da kai, su ma ba sa gane ta wasu, lahaninsu kuma yana can baya kaɗan a ɓangaren hagun. Wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Duk wanda ya yi jinyar dattijon da hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki ya san cewa idan ɓarin dama ne ya mutu, sau da yawa magana ma takan tafi. Dalili shi ne ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a nan ne cibiyoyin harshe suke a wurin mafi yawan mutane. Harshen da ke cikin baki lafiyarsa ƙalau, abin da ke ba shi umarni ne ya sami matsala.

Game da zuciya kuwa, tun daga 1967 da Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a birnin Kef na Afirka ta Kudu, dubban mutane sun rayu da zuciyar wani, kuma kowane ya farka da sunansa da harshensa da sanin iyalinsa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Bahaushe ya san goro yana kore barci, ya san zaƙami yana sa mutum sambatu da gane-gane. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, ta bar wasu da kurumta ko raunin fahimta. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, waɗansu da suka tsira kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda yake lalata matasa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, abu ne mai nauyi da za a iya aunawa ya shiga jiki ya sauya hankali. Hanyar kuma tana komawa baya, domin mummunan labari, wanda ba komai ba ne sai magana, yana sa jiki ya saki sinadarin da ke hanzarta bugun zuciya ya busar da miyau.

6.0 Inda Hujjar Ta Tsaya

Waɗannan hujjoji sun tabbatar da cewa hankali, a rayuwar duniya, ya dogara ga ƙwaƙwalwa. Ba su bayyana dalilin da ya sa motsin lantarki da sinadari a cikin tsoka yake zama ɗacin goro a baki ko zafin rashin uwa ba. Na'ura tana iya nuna wurin da ya motsa a ƙwaƙwalwar mai jin zafi, amma zafin kansa mai shi kaɗai ke jin sa. David Chalmers ya kira wannan matsala mai wuya a 1995, kuma har yanzu masana ba su haɗu a kan amsa ba. Saboda haka malamin da ya ce kimiyya ta tabbatar babu ruhi ya faɗi abin da kimiyya ba ta faɗa ba. Mai binciken ƙwaƙwalwa yana ajiye tambayar a gefe ne saboda kayan aikinsa ba sa kai wa gare ta. Ɗalibi Musulmi ya riga ya san aya ta 85 a Suratul Isra'i, wadda ta mayar da sanin ruhi ga Ubangiji, ɗalibi Kirista ma yana da koyarwarsa a kan rai, kuma babu abin da ke cikin darasin jijiyoyi da ya tilasta wa ɗayansu ya zaɓa tsakanin aji da imaninsa.

7.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

Wani zai ce wannan duk falsafa ce, ba ta da alaƙa da jadawalin darasi. Farfaɗiya ta isa amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita da kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarancin arziki da masu matsakaicin arziki, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani yadda ya kamata. A garuruwanmu kuwa imanin cewa miyan mai farfaɗiya yana yaɗa cutar yana sa a watse a bar yaro a ƙasa, ko a kusa da wuta yake ko a bakin rijiya, wani lokaci ma iyaye su cire shi daga makaranta don kunya. Cutar ba ta yaɗuwa. Tartsatsin lantarki ne da ya wuce kima a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Abin da ake bukata shi ne a janye yaron daga haɗari, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, idan kuma abin ya wuce minti 5 a garzaya asibiti. Ɗan Tirwun yana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a cikin gari. Abin da ke hana zuwa sau da yawa shi ne bayanin da aka riga aka ba cutar a gida.

Muna ganin wurin da ya dace da wannan bayani shi ne darasin magungunan gargajiya da na bori, a matsayin ƙarin sakin layi bayan an gama bayanin al'adar yadda take. A koyar da al'ada da mutuntawa, sannan a faɗi abin da asibiti ya gano. Akwai abin koyi a tarihinmu: a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara tsarin jinyar masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kusa da Abekuta, inda majiyyaci ke zaune da danginsa, aka kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Haka nan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta ɗauki mai taɓin hankali a matsayin majiyyaci mai haƙƙi, kuma ya kamata kalmomin littattafanmu su bi sahu.

Sauran aikin na keɓaɓɓun kalmomi ne. Littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya biya bukatar nazarin harshe da adabi, amma wannan fanni yana bukatar nasa. Babbar matsalar ita ce kalmar jijiya. Da ita muke kiran hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, har da saiwar bishiya. Ɗalibin da aka ce masa jijiya ce ke kai saƙon zafi zai iya ɗauka jini ne ke kai shi. Muna ba da shawarar a riƙa cewa jijiyar jini da jijiyar saƙo a duk littattafan firamare da sakandare, a bar laka ga abin da ke cikin ƙashin baya kaɗai, a kuma ware hankali ga ikon sani da rarrabewa, tunani ga aikin da ake yi da shi, ƙwaƙwalwa ga gaɓar kanta. Rai da ruhi da kurwa a bar su a darussan addini da al'ada, kada a yi amfani da su wajen fassara kalmomin bayoloji. Kwamitin da zai tabbatar da waɗannan kalmomi ya kamata ya haɗa malamin Hausa da na bayoloji da na addini da likitan ƙwaƙwalwa, a kuma gwada su a azuzuwan makarantu irin na Tirwun kafin a kai su maɗaba'a.